Tambaya da Amsa: Me ya sa yara ke dariya a wasan Sarki Liya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare a nan Jos. Za mu yi wasan King Lear na Shekspiya da Hausa a bikin ƙarshen zango, minti 50 aka ba mu. Amma a wajen gwaji, da Goneril da Regan, manyan 'ya'yan sarkin mata, sun fito sai yara su kece da dariya. Ina aka kuskure?
Malama daga Anguwar Rogo

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Muna kyautata zaton 'yan matan naki suna shigowa da harara da murguɗa baki tun fitowar farko. Mai kallo kuwa in ya gane mugu da wuri, abin dariya yake mayar da shi.

A farkon wasan, mai son kai uban ne. Liya ya kasa ƙasarsa uku, ya ce kowace 'ya ta faɗi irin son da take masa kafin ta karɓi rabonta. Ya sauke nauyin mulki amma ya riƙe sunan sarauta da barade 100, zai riƙa yin wata guda a gidan wannan, wata guda a gidan waccan. Kodeliya, autar, ta ƙi yi masa daɗin baki, ya kore ta hannu rabbana, Sarkin Faransa ya aure ta a haka. To a nan yayyen biyu su durƙusa, su yi magana da ladabi har mai kallo ya yarda da su.

Cin amanar da lissafi take zuwa. A kashi na 1, fitowa ta 4, Goneril ta rage baraden zuwa 50, da hujjar sun dame ta a gida. A kashi na 2, fitowa ta 4, Regan ta ce 25. Goneril ta ce goma ma ko biyar na mene ne, Regan ta rufe da cewa ɗaya ma ina amfaninsa. Ki tsayar da yara takwas bayan sarki, huɗu su fice, sannan biyu, sannan sauran, har ya rage daga shi sai wawan fada da bawansa mai amana. Kada ɗaya daga cikin matan ta ɗaga murya, su yi maganar kamar masu lissafin cefane.

Daga labarin Gulosta, bafaden sarki kuma uban Edmund da Edga, wasiƙar ƙaryar da Edmund ya ƙulla wa ɗan'uwansa Edga da fitowar da mijin Regan ya ƙwaƙule wa Gulosta ido sun ishe ki. A juya kujerar da aka ɗaure Gulosta a kai ta ba jama'a baya, a ɗaure masa ƙyalle mai ja. Tumatirin gwangwani a matsayin jini dariya yake jawowa. Kada ki yanke baran da ya zare takobi ya sari maigidansa, mijin Regan, don ya hana wannan aika-aika.

Ƙarshen ma ki bar shi da ɗacinsa. A 1681 Nahum Tate ya gyara wasan, Kodeliya ta rayu ta auri Edga, aka yi ta nuna shi haka a Ingila har 1838. A rubutun asali Goneril ta shayar da Regan guba saboda Edmund, ta kashe kanta, an rataye Kodeliya a kurkuku, Liya ya shigo da gawarta a hannu. In iyaye ba za su so namiji ya ɗauki mace ba, yara biyu mata su shigo da ita lulluɓe cikin tabarma, shi kuma ya biyo yana riƙe da gefen mayafin.