Amsa: Kiran WhatsApp na yankewa idan yara sun hau YouTube

Malam, ka ce rautarka MikroTik ce, layin 20 Mbps, ka kuma bai wa kira fifiko amma har yanzu murya na yankewa. Fara duba FastTrack, wato gajeriyar hanyar da rautar ke bi don wuce da bayanai da sauri. Shiga IP, Firewall, Filter Rules. In ka ga dokar fasttrack-connection a kunne, kashe ta, domin duk abin da ya bi ta nan tsallake Simple Queue (tsarin jerin gwano da ke raba gudun layi da ba da fifiko) yake yi, wahalarka ta tafi a banza.

Sannan fifiko ba ya aiki sai babban queue, wanda sauran ke ƙarƙashinsa, yana da iyakar gudu (max-limit). Gwada gudun layin da yamma, lokacin cunkoso, ka sa max-limit ƙasa kaɗan da abin da ka gani, misali 17 Mbps in 19 ka samu. Haka cunkoson zai taru a rautarka inda kake da iko, ba a wajen kamfanin intanet ba. Kada ka manta ɓangaren turawa (upload), shi ya fi kashe kira, musamman in waya na loda hotuna zuwa Google Photos. A MikroTik 1 ne mafi girman fifiko, 8 na ƙarshe. Mutane da yawa suna juya su.

In RouterOS 7 gare ka (manhajar da ke tafiyar da MikroTik), ni CAKE zan sa, wani nau'in queue da ke daidaita cunkoso da kansa, ya fi sauƙi. Wace ƙirar rauta ce? Ƙanana sukan wahala idan an kashe FastTrack.