Tambayi likita: tafiyar jirgin ruwa a Bahar Maliya

Tambaya: Salam likita, daga Jidda nake, zamu je Jazan da yara mu hau jirgi zuwa tsibirin Farasan, ni kuma ko mota na shiga sai na yi amai balle ruwa, me zan sha?

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya. Can cikin kunne akwai wajen da ke jin motsin jiki, shi yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana ta lilo, ido kuma yana kan waya yana cewa a zaune ake, to wannan saɓanin ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Ki nemi maganin jirin tafiya mai suna Dramamine a saidaliyya, wato kantin magani, ki sha minti 30 zuwa awa 1 kafin ki hau, dan in kin bari sai aman ya taso ba zai zauna a ciki ba. Yana sa barci, wanda zai ja mota in an sauka kar ya sha, kuma ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 2. Ki zauna tsakiyar jirgi, ki ajiye wayar nan, ki riƙa kallon nesa. Kar ki hau da yunwa, kar kuma ki cika ciki da shinkafar kabsa mai maiƙo. Shayin citta ma na taimakon wasu.

Tambaya: Babanmu na da ciwon suga, zai taso ta jirgin ruwa daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda umara, ya za mu yi da insulin?

Amsa: Allah ya kawo shi lafiya ɗan'uwa. Wannan ita tafi damuna, dan tafiyar doguwa ce, ga jira a tashar cikin zafi. Insulin ya kasance a jakar hannunsa, ba cikin kayan da ake jibgewa a rana ba, a sa shi a ƴar kula amma kar ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, in ya daskare ya lalace. Wanda aka buɗe yana kai kwana 28 in zafi bai wuce digiri 30 ba. Haɗarin shi ne Baba ya yi allura, jiri ya hana shi cin abinci, suga ya faɗi a tsakiyar teku, dan haka dabino da lemon kwali su kasance a aljihu tare da na'urar gwaji, wanda ke rakiyarsa kuma ya san alamun: gumi, rawar jiki, rikicewar magana.

Tambaya: Mun je bakin teku a garin Umluj na Saudiyya ɗana ya taka wani abu mai ƙaya a ruwa, wai a zuba fitsari?

Amsa: A'a Malam, dan Allah kar a zuba. A tsoma ƙafar a ruwan zafi iya wanda babba zai jure, wajen digiri 45, minti 30 zuwa 90, zafi ne ke rage raɗaɗin dafin. A cire ƙayar da ta fito fili, wadda ta nutse a bar wa asibiti, a duba masa allurar tetanus. In zafin ya tsananta ko numfashi ya canja a wuce asibiti nan take, akwai kifin dutse a tekun nan mai mugun dafi. Gobe a saya masa takalmin ruwa.

Tambaya: Na dawo daga Fot Sudan da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, har bayan idona ciwo yake.

Amsa: Ƴar'uwa ki je a gwada maleriya da zazzaɓin dengi, wanda shi ma sauro ke kawowa, yau. Farasitamol kawai za ki sha da ruwa mai yawa, banda asfirin da ibuprofen dan suna ƙara zubar jini. Jini a dasashi ko ciwon ciki mai tsanani, wannan na gaggawa ne ko da dare ne.