Tumatirin bayan gidanmu a Mai Wurno

Malam, ka tambaya ko mu ma Sharon, tsutsar tumatir, ta taɓa mu, har ka ƙara da cewa wai mun san tumatir kuwa, ko sai dabino? Na yi dariya kafin haushi ya zo. Kakanninmu sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yada zango a Mai Wurno kusa da Sennar a Sudan, kuma ba su bar fartanya a hanya ba.

Tsutsar nan da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 ta iso Sudan tun kafin ta je muku. Cikin ganye take shiga ta yi ta sassaƙa, sai ka ɗaga shi a rana ka ga ya zama fatar banza, ita kuma tana kwance a tsakiya. Shi ya sa toka ba ta kai mata. Tsinke ganyen muke yi mu binne, haka ma ɗan da ta huda. Amma tsohon abokin gabarmu farin ƙuda ne, mai laɓewa a ƙarƙashin ganye. Shi ke kawo cutar da ke nannaɗe ganye, shukar ta tsugune ta ƙi 'ya'ya. Wannan ba magani, tuge ta kawai.

Kakata Allah ya jiƙanta 'ya'yan darbejiya take dakawa, ta jiƙa su kwana guda, ta tace da tsohon ɗankwali, ta sa ɗan sabulu, ta yayyafa da tsintsiya bayan la'asar. Tana yi tana zagin ƙwarin da Hausar Sakkwato wadda ko kai sai ka nemi fassara.

Yanzu matata ke wannan aikin. Balarabiya ce, i, na san abin da za ka ce, an sha faɗa mana. A hannun mahaifiyata ta koya, kuma kauɗar da take shanyawa a kan rufin ɗaki ta fi ta ƙannena kyau. Yaranmu kan ce "tamatim" a kasuwa, su ce tumatir a gida. A nan a kira mu Fallata, ku kuma can ku ce mun zama Larabawa. Bara da sanyi kunya shida muka yi, tsutsa ta ci biyu, akuyar maƙwabci ta ƙarasa ɗaya.