Fesa inhela da rana a watan azumi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da asma tun ina yarinya, Ventolin nake fesawa idan ta taso, kuma yanzu kusan kullum sai na buƙace ta. A azumin bara ƙawata tace min inhela tana karya azumi kamar shan taba, shiyasa nake daurewa har a sha ruwa, wani lokacin ko magana bana iya ƙarasawa. Ranakun da na kasa daurewa na fesa, zan rama su ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, kafin maganar ramuwa, daurewar nan ki daina ta daga yau. Asma tana kisa, wanda numfashinsa ya kai baya iya ƙarasa magana ba mai jiran magariba bane, kuma cewa mara lafiya yana da rangwame babu malamin da yayi saɓani akai.

Toh hukuncin ya rataya ne akan irin inhelar. Taki wacce ake girgizawa a danna ta fesa, ra'ayin da nake kai shine bata karya azumi, kuma shine fatawar Sheikh Ibn Baz da Sheikh Ibn Usaimin. Ranakun nan babu ramuwa akanki.

Masu cewa tana karyawa akwai manyan malamai a cikinsu, hujjarsu abu ne mai jiki ya shiga ta baki ya kai maƙogwaro, wasu kuma suna kiyasinta da hayaƙin turaren wuta da malaman Malikiyya suka ce wanda ya shaƙe shi da gangan zai rama. Amma a duba abin da ake fesawan mana. Duk dannawa ɗaya maikirogiram 100 ne na maganin salbutamol, wato ɗan mitsitsi ne ƙwarai, ɗan gwangwanin nan sau 200 ake danna shi kafin ya ƙare, kuma huhu aka nufa dashi don ya buɗe hanyoyin iska da suka tsuke. Eh wani abu daga ciki yana maƙalewa a maƙogwaro ya bi yawu, ban musa ba, amma damshin da ke saura a baki bayan kurkurar alwala ya fishi yawa nesa ba kusa ba, kuma shari'a ta yafe wannan, haka asuwaki yana da ɗanɗano mai azumi yana yinsa. Ta yaya za'a yafe mai yawa a kama mutum da ɗan kaɗan? Ita kuma taba don jin daɗi ake zuƙarta, mai shanta yana kashe ƙishin da ransa ke yi mata ne, ke kuwa iska kike nema, baki ƙoshi ba, ƙishirwarki bata ragu ba. Sannan azuminki ya ƙullu da yaƙini, shakka bata warware shi.

Inda hukuncin ke canzawa shine irin da ake saka kafso mai gari a huda a zuƙa, wannan Ibn Usaimin ma yace tana karyawa. Nebulaiza ta asibiti da ake ɗaura miki a fuska kina shaƙar tururin magani na mintuna, nafi natsuwa da a rama. Idan an buƙace su ayi amfani dasu, ramuwar yini ce kawai babu kaffara.

Abin da yafi damuna a saƙonki shine "kusan kullum". Ventolin ta agajin gaggawa ce, yawan neman ta alama ce asmar bata lafa ba, ki ga likita tun kafin azumi. Akwai inhela ta kariya mai rage kumburin hanyoyin iska, da yawansu safe da yamma ake fesawa, kinga ta dace da sahur da bayan buɗa baki, a kurkure baki a tofar bayan an gama. Ki bari ma'aikacin lafiya ya duba yadda kike fesawa ma: a fitar da numfashi tukunna, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa 10. Robar nan da ake haɗawa a bakin inhela, sifesa, tana rage abin da ke tsayawa a maƙogwaro, hakan zai rage miki waswasi ma.

Ƙawarki ki gaya mata cikin ladabi kar ta ƙara faɗa wa mai asma ya daure. In kin fesa baki ji sauƙi ba, a kaiki asibiti nan take ko da azumi a bakinki. Allah ya baki lafiya. Wallahu a'alam.