Me ke jan yara ga wasan noma a waya?

Tambaya: Ƙanena a nan Samaru, Zariya, yana shafe sa'o'i yana wasan Stardew Valley a waya. Ban ga faɗa ko tsere ba, sai shuka da ban ruwa. Mene ne daɗinsa, kuma yaya zan taƙaita masa?

Amsa: Malama, daɗin yana cikin ganin sakamakon aiki da wuri. Eric Barone ne ya ƙirƙiri wasan shi kaɗai, ya fito a 2016. Ana ba mai wasa tsohuwar gona cike da duwatsu da ciyawa, ya share, ya shuka, ya yi kiwo da kamun kifi, ya saba da mutanen gari.

Kwana ɗaya a wasan kamar minti 14 ne, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 2 na dare. Kowane yanayi kwana 28 ne, kuma yawancin amfanin gona yana bushewa da zarar yanayi ya juya. Wanda ya shuka iri mai kwana 12 a rana ta 20 ya yi asara. Wannan lissafin muna ganinsa abu mai amfani ga yaro. Wanda bai kwanta ba har 2 na dare a cikin wasan kuwa, sumewa zai yi, in a wajen gida ne a cire masa kuɗin wasan.

Matsalar ita ce “bari in ƙara kwana ɗaya”. Saboda haka ki ƙayyade masa da kwanakin wasan: kwana uku, wato kusan minti 45, bayan ya dawo Islamiyya. Wasan ba ya buƙatar intanet, sai ki kashe data.