Yadda jiragen yaƙi suke faɗa kafin zuwan inji

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda jirgin da ba shi da inji yake yaƙi a teku. Iska ce jagora: wanda take bayansa shi ke zaɓar lokacin faɗa.

Igwogin a gefen jirgi suke, don haka akan jera jirage a layi, kowanne ya juya wa abokin gaba haƙarƙarinsa. A Tarafalga, gaɓar Sifaniya, ranar 21 ga Oktoba 1805, Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya ƙi bin wannan tsari. Da jirage 27 na Ingila ya tunkari 33 na Faransa da Sifaniya, ya ratsa layinsu ta wuri biyu. Iskar ranar ba ta da ƙarfi, jirginsa Victory mai igwa 104 ya riƙa jan ciki yana shan wuta kafin ya samu damar ramawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne masu harba igwar: hayaƙin albarushi ya turnuƙe, harsashi ya fasa katako, tsinkunan su yayyanka mutane, yara ƙanana na gudu da albarushi. Ingila ba ta rasa jirgi ba, amma an harbi Nelson, ya rasu a ranar.