Yadda yaro ke gane kalmar da ba a koya masa ba

'Yar'uwa, kin tambayi yadda ɗanki mai shekara uku yake kama kalmomin da babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

A wani bincike da aka wallafa a 1978, Susan Carey da Elsa Bartlett, masu nazarin yadda yara ke koyon harshe, sun gwada wannan a wata makarantar renon yara a Amurka. Malama ta ajiye faranti biyu, ta ce a kawo mata mai launin "chromium", ba shuɗin ba. Yaran ba su san kalmar ba, amma suka ɗauko ɗayan, mai launin zaitun. Bayan mako guda, wasunsu na riƙe da cewa sunan launi ne.

Haka ake yi a madafinki. Kin ce "miƙo min ludayi", ga cokali da ya riga ya sani, ga wani abu da bai san sunansa ba, sai ya ɗora sabon sunan a kan baƙon abin. Wallahi abin na burge ni.

Mu manya ma haka muke yi, sai dai a karatu babu yatsa mai nuni, jimlar kaɗai muke dogara da ita, shi ya sa mukan yi kuskure har sai kalmar ta sake zuwa mana sau da yawa.

Ki riƙa yi masa hira kina aiki, kina ambaton sunan abin da ke hannunki.